Yadda Ake Gwada Kwal A Gane Ko Zai Wanku

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mace tana rege shinkafa ya riga ya ga rabin wannan ilimi. Ta zuba ruwa a ƙwarya, ta juya, ta karkata. Shinkafa ta bi ruwa ta koma ɗaya ƙwaryar, tsakuwa ta kwanta a gindi. Nauyi ne ya raba su. Haka ake wanke kwal, sai dai a nan maganar dubban tan ake yi, kuma injin da ke regayar kuɗinsa ba na wasa ba ne. Shi ya sa kafin a sayi ko ƙusa ɗaya ake fara kai kwal ɗin ɗakin gwaji, a nemi amsar tambaya biyu: in an wanke shi, nawa zai rage a hannu, kuma da toka nawa?

Kwal ba ya fitowa daga rami shi kaɗai. Yana tahowa da yumɓu, da dutsen laka mai ɓarewa faifai-faifai, da dutsen yashi daga rufin rami da daɓensa, da wani dutse mai ƙyalli kamar tagulla da ake kira payirait, wanda haɗin ƙarfe ne da farar wuta. Duk waɗannan su ke zama toka in an ƙona kwal. Tirelar da ta ɗauko tan 30 na kwal mai toka kashi 28 cikin ɗari, fiye da tan 8 na kayanta dutse ne, an kuma biya kuɗin mai da na direba a kansa. In ya shiga tukunyar tururi ya cinye bututu, ya daskare kamar kashin maƙera. Farar wutar kuma ta fita da hayaƙi ta shiga ƙirjin mutanen gari.

Kowane mai saye da abin da yake iya jurewa. Kamfanin siminti na Ashaka, wanda ke ƙona kwal ɗin Maiganga a jihar Gombe, yana da sauƙi ɗaya: tokar kwal tana shigewa cikin simintin ne a tanderu. Tashar lantarki ta SONICHAR a Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas, tana bakin ramin da ake haƙo kwal ɗin, don haka ba ta da doguwar jigila. Amma tanderun narka ƙarfe irin wanda aka gina a Ajaokuta ba ya ɗaukar wargi. Yana son gasasshen kwal, wato wanda aka gasa ba iska har ya dunƙule ya yi ƙarfi, mai ƙarancin toka da farar wuta. Matsalar kwal ɗin Lafiya-Obi a jihar Nasarawa ke nan: yana da halin gasuwa, abin da kwal ɗin Inugu da aka gano tun 1909 ba shi da shi, amma tokarsa da farar wutarsa suna da yawa. Ko zai yi amfani ko ba zai yi ba, maganar tana komawa kan wannan gwaji.

Lambar nauyi

Abu ɗaya za ka riƙe kafin komai. Kowane abu yana da lamba da ke nuna sau nawa ya fi ruwa nauyi idan girmansu ɗaya. Ruwa 1.0 ne. Tsabtataccen kwal yana tsakanin 1.25 da 1.40. Dutsen laka da yumɓu da dutsen yashi suna kamawa daga 2.0 zuwa wajen 2.7. Payirait kuwa 5.0 ne. In ka sami ruwan da lambarsa ta faɗa tsakani, kwal zai taso, dutse ya nutse, kamar yadda ƙwai ke nutsewa a ruwan rijiya amma ya taso in an zuba gishiri da yawa. Gwajin taso-da-nutse ke nan. Ƙa'idojinsa a rubuce suke, na duniya ISO 7936, na Amurka ASTM D4371. Ka zaɓi ɗaya ka bi shi har ƙarshe, kar ka haɗa.

Da a ce kowane gutsure ko dai kwal ne zalla ko dutse zalla, da ba a buƙatar ɗakin gwaji. Wahalar tana wajen 'yan tsaka-tsaki, gutsuren da rabinsa kwal rabinsa dutse. Sannan toka iri biyu ce. Akwai baƙuwa, wadda ta shigo daga waje kamar tsakuwa a shinkafa. Wannan tana fita. Akwai ta jiki, wadda ta cuɗu da kwal tun yana ruɓaɓɓen itace a fadama, kamar gishirin da ya narke a miya. Wannan ko kogin Binuwai ka juye mata ba za ta fita ba.

Mataki na farko: ɗaukar samfur

A nan mafi yawan gwaje-gwaje ke mutuwa tun ba a fara ba, don haka zan daɗe a kai.

Tsibin kwal ba ya zama bai ɗaya. In tifa ta juye, manyan duwatsu su gangara gindi, gari ya tsaya a tsakiya da sama. Wanda ya zo da buhu ya tsinci ƙyalƙyalan gutsattsari daga gefe, zai kawo maka sakamako mai daɗin ji wanda ba shi da alaƙa da abin da ke cikin ramin. Na taɓa ganin samfurin da aka kawo a buhun shinkafa biyu, baƙi wuluk yana sheƙi, babu ko ɗigon dutse. Daga gani ka san hannu ne ya zaɓe shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Irin wannan a mayar da shi kawai.

Wuri mafi kyau shi ne kan bel ɗin da ke jan kwal. A tsayar da shi, a kafa allo biyu a gicciye, a kwashe duk abin da ke tsakaninsu har garin da ya manne, da tsintsiya. A maimaita sau da dama a tsawon yini, gara ma a kwanaki daban-daban, a haɗa. In daga fuskar rami za a ɗauka, a share wurin da ya sha rana da ruwan sama har a kai sabon kwal, a shimfiɗa tamfol a ƙasa, a sassaƙo kwari mai faɗi ɗaya da zurfi ɗaya daga rufin shimfiɗar kwal ɗin har daɓenta. Siraran jijiyoyin laka da suka ratsa tsakiya a haɗa da su matuƙar dai injin haƙa ba zai iya tsallake su ba. Har ma ɗan rufi da ɗan daɓe ya kamata a sa, domin katafila ba ta yanka da reza.

Yawan samfur ya danganta da girman gutsure. In manyan sun kai milimita 50 ko fiye, maganar ɗaruruwan kilo ake yi. Dalili a fili yake: dutse ɗaya babba in ya shiga ko ya fita daga ƙaramin samfur, sai ya karkatar da lissafin gaba ɗaya.

In kuwa ba a buɗe ramin ba tukuna, abin da ke hannu sandar kwal ce da injin burtsatse ya ciro. Wannan ba ta sha wahalar da kwal na gaske ke sha ba, na nakiya da faɗuwa da gogayya. Shi ya sa a wurare irin Ostireliya suke sakin ta daga sama kan farantin ƙarfe sau da yawa, sannan su juya ta a durom da ruwa, don ta farfashe kamar yadda za ta farfashe a hanyarta ta zuwa injin wanki.

A zuba samfur a durom ko leda mai kauri a ɗaure, da takarda ɗaya a ciki ɗaya a waje: wuri, zurfi, rana, sunan shimfiɗa.

Mataki na biyu: shanya da rabawa

A baza shi a inuwa kan daɓe mai tsabta har laimar saman ta tafi. A inuwa na ce. Zafin shanya bai kamata ya wuce digiri 40 ba, ranar bazara kuwa a Gombe ko Agadas ta wuce haka nesa. Yawancin kwal ɗin Najeriya matashi ne, bai gama nuna ba, jikinsa cike da ƙananan ƙofofi masu riƙe ruwa. In ya bushe ƙayau sai ya tsattsage ya zama gari, lambar nauyinsa ma ta sauya, ka wayi gari kana gwada wani abu daban da wanda aka haƙo.

Daga nan a auna duka a rubuta. A cire kaso ɗaya a ajiye don gwajin tokar ɗanyen kwal. Wannan ne mashaidinka a ƙarshe. Wajen ragewa, akwatin raba samfur mai ramuka jere ya fi aminci. In babu, a tara tsibi, a danne shi ya baje kamar faifai, a raba huɗu, a ɗauki biyu masu kallon juna a kusurwa, a sake gaurayawa.

Mataki na uku: tankaɗe

Ba a gwada manya da ƙanana tare, domin a masana'anta ma ba inji ɗaya ke wanke su ba. A jera rariya, misali mai ido milimita 50, da 25, da 12.5, da 6, da 0.5. A auna abin da ya tsaya a kan kowace. Ƙananan gara a tace su da ruwa, don garin yumɓu yana manne wa kwal. Abin da ya wuce ta rariyar 0.5 a ajiye shi gefe, za mu dawo kansa.

Mataki na huɗu: haɗa ruwan gwaji

Ana jera bokitai ko tankuna, kowane da lambarsa. Jerin da aka saba shi ne 1.30, 1.35, 1.40, 1.45, 1.50, 1.60, 1.70, 1.80, wani lokaci har 2.00. An matse tazarar a ƙasa ne saboda a nan yawancin kwal yake taruwa.

Hanya biyu ce. Ta farko, gishirin zinki kulorayid a narka a ruwa. Yana kaiwa wajen 1.8, yana da araha, ba ya tururi mai guba, amma yana cin fata da ƙarfe, yana yin kauri in lambar ta hau, kuma yana shigewa ƙofofin kwal. Ta biyu, ruwan sinadarai marasa haɗuwa da ruwa: fakuloro-etilin, wanda masu wankin kaya na zamani ke amfani da shi, lambarsa 1.62, a sirka shi da farin sifirit na masu fenti mai lamba wajen 0.78 don a sauko, ko da buromofom mai 2.89 don a hau. Waɗannan sun fi saurin aiki, ba sa jiƙa yumɓu, suna bushewa da kansu. Amma guba ne. Akwai kuma gishirin siziyam fomet da wasu ɗakunan gwaji suka koma wa saboda lafiyar ma'aikata, sai dai tsada.

Lissafin sirki ba wuya. Kana son 1.40 daga 1.62 da 0.78. Cire 0.78 daga 1.40, ka sami 0.62. Cire 0.78 daga 1.62, ka sami 0.84. Raba 0.62 da 0.84, ya ba ka kusan 0.74. Ke nan lita 74 na mai nauyi da lita 26 na marar nauyi a kowace lita 100. Wannan kusantar da kai kawai zai yi. Mai yanke hukunci shi ne haidiromita, ɗan kwalbar nan mai dogon wuya da ake tsomawa a karanta inda ruwa ya tsaya. A gyara da ɗigo-ɗigo har lamba ta zauna daidai.

Kuma a riƙa sake tsoma shi a kai a kai. A zafi irin namu sinadaran suna tashi sama da sauri, ruwan da ka haɗa 1.40 da safe ya iya sauya lamba kafin azahar ba tare da ka sani ba. Kwal ɗin da ke fitowa daga wani bokiti ma yana kawo ragowar ruwan can. A rufe duk bokitin da ba a aiki da shi.

Maganar lafiya ba ta neman ado. A yi aikin ƙarƙashin na'urar zuƙe iska ko a rumfa buɗaɗɗiya. Safar hannu wadda sinadarin ba ya ratsawa, tabarau, da takunkumi mai matatar tururin sinadarai. Na ƙyalle ba ya tare komai. Babu sigari, babu wuta. Ragowar ruwan a tara a durom a rufe, kar a zuba a kwata. Yaran da ake ɗauka aikin ɗauke-ɗauke su suka fi shaƙar abin nan, kuma su ne ba a cika ba kayan kariya ba. Haƙƙinsu yana wuyan mai ɗakin gwaji.

Mataki na biyar: tsomawa

A ɗauki girma ɗaya, a ce 25 zuwa 12.5. Ana amfani da kwandon waya wanda ke shiga cikin bokiti daidai. A fara da ruwa mafi sauƙi, 1.30. A zuba kwal kaɗan-kaɗan, kar ya yi yawan da zai danne juna. A motsa a hankali da sanda don kumfar iska ta saki gutsattsarin, kuma ƙanana su rabu da manya. Sai a bari ya natsu. Manya minti kaɗan ya ishe su, ƙanana sukan ci lokaci.

A nan ido ke aiki. Za ka ga wasu sun yi fitowar kwalba a sama, wasu sun kwanta, wasu kuma sun tsaya a tsakiyar ruwa suna lilo, ba su sama ba su ƙasa. Waɗannan lambarsu dab take da ta ruwan. Kar ka yi gaggawa da su. Ka ɗan taɓa su da sanda ka ga inda suka nufa. Yawansu tun a nan yake fara gaya maka irin wahalar da ke gaba.

A kwashe masu tasowa da matsamin waya a zuba a tire mai alamar "ya taso a 1.30". A ɗaga kwandon da masu nutsewa, a bari ya tsane sosai, a tsoma a 1.35. Abin da ya taso nan shi ne kason 1.30 zuwa 1.35. Haka za a bi har bokitin ƙarshe. Wanda ya nutse a can shi ne dutse. In samfurin yana da yumɓu mai narkewa da yawa kuma da ruwan gishiri ake aiki, gara a juya tsarin, a fara da mafi nauyi, a fitar da yumɓun tun bai dama ruwan sauran bokitan ya zama kunu ba.

Mataki na shida: ɗauraya, busarwa, awo

In da zinki kulorayid aka yi, a ɗauraye kowane kaso da ruwa mai yawa, sau da yawa, gara da ɗumi. Gishirin da ya maƙale a ƙofofin kwal yana ƙara masa nauyi, ya kuma lalata awon toka. Na sinadarai kuwa a baza a wuri mai iska har warin ya tafi. A auna kowane kaso. A tara nauyinsu a gwada da wanda aka fara da shi. Ni dai in ɓatan ya wuce kashi 2 cikin ɗari ba na sa hannu. Wani abu ya zube ko ya narke, a sake.

Mataki na bakwai: ƙonawa

Kowane kaso a niƙa shi, a rage, har a sami gari mai wucewa ta rariyar maikiron 212, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita. A auna giram 1 a ɗan kasko, a sa a tanderu, a hau da zafi a hankali zuwa digiri 500, sannan 815, a bar shi aƙalla awa ɗaya har nauyi ya daina sauka. Wannan tsarin ISO ne. Na Amurka yana tsayawa wajen 750. Abin da ya rage a kaskon shi ne toka. A auna danshi a kan wani giram ɗin a digiri 105 zuwa 110, don a mayar da duk alƙaluma kan ma'auni ɗaya na busasshen kwal. A gwada farar wuta a kowane kaso, in da hali har da yawan zafin da yake bayarwa. Launin tokar ma abin lura ne: ja tana nuna ƙarfe, galibi daga payirait, fara kuma yumɓu.

Mataki na takwas: lissafi

Bari mu ɗauki misali na koyo, na rage bokitan don ya yi sauƙin bi. Lamba ta farko kason nauyi ne cikin ɗari, ta biyu tokar kason:

Ya taso a 1.30: nauyi 20, toka 4
1.30 zuwa 1.40: nauyi 30, toka 9
1.40 zuwa 1.50: nauyi 14, toka 18
1.50 zuwa 1.60: nauyi 7, toka 28
1.60 zuwa 1.70: nauyi 4, toka 37
1.70 zuwa 1.80: nauyi 3, toka 46
Ya nutse a 1.80: nauyi 22, toka 76

A kowane layi a ninka nauyi da toka: 80, 270, 252, 196, 148, 138, 1672. Jimla 2756. A raba da 100, tokar ɗanyen kwal ta zama 27.6. Yanzu ka ɗauko mashaidin nan da ka ajiye tun farko. In tokarsa ta zo kusa da wannan, aikinka ya yi; in sun yi hannun riga, akwai kuskure a wani wuri, kuma duk abin da za ka gina a kai banza ne.

Sai tarawa daga sama. In an yanka a 1.40, ma'ana aka riƙe abin da ya taso a nan aka zubar da saura, an sami 20 da 30, wato kashi 50, tokarsu 350 raba 50, wato 7.0. A 1.50, kashi 64 da toka 9.4. A 1.60, kashi 71 da toka 11.2. A 1.70, kashi 75 da 12.6. A 1.80, kashi 78 da 13.9. A yi irin wannan tarawa daga ƙasa don sanin abin da za a zubar: in an yanka a 1.60, kashi 29 ne zai tafi juji da toka 67.5; in a 1.40 ne, rabin kayan zai tafi da toka 48.1 kacal, ma'ana kwal mai yawa aka binne.

Ana zana waɗannan a takardar girafi ko a kwamfuta: layin masu tasowa, layin masu nutsewa, layin nauyi da lambar yanka, da layin tokar kowane kaso shi kaɗai. Na ƙarshen nan a tsakiyar kaso ake ɗiga shi, kason 1.40 zuwa 1.50 misali yana zama a kan 57, wato 50 da rabin 14. Siffarsa tana magana. In ya miƙe sannan ya karye kwatsam kamar gwiwa, kwal da dutse a rabe suke, wanki zai yi daɗi. In ya gangara a hankali babu gwiwa, tokar ta jiki ce. Kowane girma da nasa zanen, sannan a haɗa su gwargwadon nauyin da rariya ta bayar.

Lambar da ta fi kowace faɗar gaskiya

Mai ramin zai kalli jadawalin nan ya ce, to, mai saye yana son toka 10, mu yanka kaɗan sama da 1.50 mu sami kusan kashi 66. A takarda haka ne. Amma bokiti yana da haƙurin da inji ba shi da shi. A bokiti gutsure yana da mintoci ya zaɓi hanya. A inji daƙiƙoƙi ne, cikin ruwa mai tumbatsa, ana turereniya. Waɗanda lambarsu ke dab da wurin yanka su ne ke ɓata hanya.

Don haka ake ƙirga nauyin duk abin da ke tsakanin 0.1 ƙasa da 0.1 sama da wurin yanka. A misalinmu, a 1.40 kashi 44 ne, wato 30 da 14. A 1.50 kashi 21. A 1.60 kashi 11. A 1.70 kashi 7. Wani masanin Amurka, B. M. Bird, shi ya tsara ma'aunin da har yau ake bi: ƙasa da 7 sauƙi, 7 zuwa 10 ɗan wuya, 10 zuwa 15 wuya, 15 zuwa 20 wuya ƙwarai, 20 zuwa 25 matsananciya, sama da 25 kuwa sai inji mafi kaifi, shi ma da kyar. In ɗanyen kwal ɗin yana da dutse zalla da yawa, akan cire abin da ya haura 2.0 daga lissafin, don kar yawan dutse ya sa abu ya yi kamar mai sauƙi.

Dubi abin da wannan ke nufi. Kwal ɗaya ne, amma neman toka 10 ya jefa ka cikin wuya ƙwarai, sai ka sayi injin ruwa mai nauyi, wanda ake dama garin maganetait, wani baƙin dutsen ƙarfe, a ruwa a juya shi a mazurari, sannan a kamo garin da maganaɗisu a sake amfani da shi. In kuwa mai saye zai karɓi toka 13, ka yanka a 1.70, ka sami kashi 75, kuma injin jig mai tunkuɗa ruwa sama da ƙasa, wanda ya fi araha da sauƙin gyara, zai iya. Tazarar toka 3 ce ta raba masana'antu biyu masu kuɗi daban. A ganina, duk rahoton da bai nuna wannan lamba ba bai kammala ba, ko da zanensa ya kai goma.

Ba a banza Indiya ke fama ba. Yawancin kwal ɗinta tokarsa a cuɗe take da jiki, 'yan tsaka-tsaki sun yi yawa, sai a wanke a sami kaɗan. A Afirka ta Kudu kuwa, a yankin Witbank, sukan yanka sau biyu: mafi tsabta a fitar waje ta tashar Richards Bay, na tsakiya a ba tashoshin lantarki na gida. Jadawalinka zai nuna maka ko kana da irin wannan kaso na biyu da za ka nemar wa kasuwa.

Gwaje-gwaje biyu da bai kamata a tsallake ba

Na farko, farfasa 'yan tsaka-tsaki. A haɗa kason 1.50 zuwa 1.80, a misalinmu kashi 14, a daka su zuwa ƙasa da milimita 6, a sake tsomawa. In suka rabu, wasu suka taso a 1.40 wasu suka nutse a 1.80, to manne kawai suke, daka zai ƙara riba. In suka koma inda suke, kar a ɓata wuta. A tuna kuma gari yana da tsadar wankewa, yana riƙe ruwa, mai saye kuwa ba ya son biyan kuɗin ruwa.

Na biyu, garin nan na ƙasa da milimita 0.5 da muka ajiye. Shi ba ya natsuwa a bokiti. Sai a juya shi a injin majaujawa cikin kwalabe, ko a gwada shi da wankin kumfa, inda ake ɗiga ɗan kananzir ko man dizal da sinadarin kumfa, a hura iska, kwal ya manne wa kumfa ya hau, yumɓu ya zauna. Matashin kwal da wanda ya daɗe a iska ba su cika amsa wannan ba, saboda jikinsu yana son ruwa, don haka a gwada kafin a sa shi a tsari.

Farar wuta ita ma a bi ta kaso-kaso. In ta taru a masu nutsewa, ta payirait ce, za ta ragu. In ta zauna daidai a kowane kaso, ko ma ta fi yawa a masu sauƙi, to a ɗaure take da jikin kwal, wanki ba zai taɓa ta ba. Ga mai neman kwal na narka ƙarfe, wannan layi ɗaya ya isa ya rufe magana.

Abin da za a rubuta a rahoto

A faɗi inda aka ɗauki samfur da yadda aka ɗauka, nauyinsa, ƙa'idar da aka bi, irin ruwan gwaji, ɓatan nauyi, da ma'aunin danshin da alƙaluman ke kai. A rubuta ƙarara cewa kason da jadawali ya nuna shi ne iyakar abin da kwal ɗin zai iya bayarwa, inji zai kawo ƙasa da haka. Don a ƙiyasta ragin, ana ɗora alƙaluman a kan layin rabo na injin da ake son saye, wato zanen da ke nuna yadda injin ke raba gutsattsari bisa lambar nauyinsu, dabarar da Tromp ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1937. Masu sayar da inji suna da nasu, a nema a rubuce.

A ƙara da yadda yumɓun ya yi a ruwa: a jefa 'yan gutsattsarin masu nutsewa a kofin gilashi a duba bayan awa ɗaya, a sake dubawa washegari. In sun narke sun zama kunu, masana'antar za ta sha fama da laka a tafkunanta, za ta kuma ci ruwa fiye da lissafi. A wuri mai ƙarancin ruwa kamar Agadas, wannan kofin ne zai sa a fara tunanin injinan da ke rabawa da iska a bushe, waɗanda ba su da kaifi amma suna iya fitar da dutse zalla in jadawali ya nuna wurin yanka mai sauƙi a sama, wajen 1.80 ko fiye. Sannan a maimaita gwajin duka a kan samfur daga wasu sassan ramin, domin shimfiɗa ɗaya takan sauya hali daga wannan gefe zuwa wancan.